Yatsa Ɗaya da Iya Taofeek Ta Ɗaga

A layinsu na Fagge ba kowa ne ya san sunanta Mulikat ba. Iya Taofeek ake kiran ta, da sunan ɗanta na fari, yadda Yarabawa suke yi, Hausawan layin ma suka bi. A Sabon Gari aka haife ta, a Fagge ta yi aure, kuma in tana magana ba ka raba Hausarta da ta kowace Bakanuwa, sai dai in ranta ya ɓaci, nan ne Yarabanci kan zubo.

Shekara talatin da shida ta yi tana sayar da kwanuka da tukwane a Kasuwar Sabon Gari. Mijinta, marigayi Alhaji Rasheed, mai gyaran agogo ne. Da ya rasu ya bar agogunan bango guda tara waɗanda masu su ba su taɓa dawowa karɓa ba, ita kuma ta ƙi yarda a fitar da ko ɗaya. Ta jera su a falo, tana canza musu batir, tana saita su da rediyo. Ko a kasuwa an san ta da wannan hali. Da ta ɗauki buta, matan layin kwanuka sun san kiran azahar ya kusa, ba sai sun duba waya ba. Ba ta taɓa makara a suna ko ta'aziyya ba, kuma ba ta ɓoye cewa tana ji da hakan.

Boko ne kawai ya wuce ta. Ita ce babba cikin 'ya'ya bakwai, tun tana shekara takwas take goyon ƙanne tana tsaron rumfar mahaifiyarta. Ta yi allo, ta iya abin da za ta yi sallah da shi har da ƙari, amma takardar asibiti ko saƙon waya sai ta nemi mai karanta mata. Sai da ta kai sittin da ɗaya, ta bar wa matar Taofeek rumfa, zaman gida ya fara gundurar ta, sannan maƙwabciyarta mai tuyar awara, wadda yara da manya ke kira Gwaggo, ta leƙo wata rana da jakar makarantar jikanta a kafaɗa.

"Alhaja, tashi mu je makaranta."

"Ni da furfurata?"

"To ni baƙin gashi kika gani a kaina? Tashi. Kin zauna kina gadin agoguna kamar za su gudu."

Ajin na wata ƙungiya ce mai koyar da manya karatu da rubutu, a wata firamare da ke unguwar, bayan yara sun tashi. Daga ƙarfe biyu zuwa kiran la'asar, Litinin zuwa Laraba. Mata goma sha bakwai ne, kowace ta naɗe jikinta a bencin da aka yi don 'yan aji uku. Malaminsu, Malam Abdulmuminu, tsohon hedimasta ne da ya yi ritaya, siriri, mai magana a hankali, farin alli ya riga ya zauna a tsagar yatsunsa. Shekararsa tara yana riƙe da ajin.

Yana da tasa hanyar. Da mace ta iya haɗa baƙaƙe, sai ya ce ta rufe littafin da aka raba musu, ya tsaya a gabanta ya tambaye ta, "Wane labari ne in kin mutu zai bi ki kabari? Shi za ki rubuta."

Gwaggo ta ce nata yadda kakarta ke haɗa yajin jego ne. Iya Taofeek ta kwana biyu tana tunani, sannan ta ce nata tafiyar mahaifiyarta ce daga Ofa zuwa Kano a jirgin ƙasa, ita kaɗai, da keken ɗinki da ciki wata bakwai. Cikin nan ita ce. Ta ji labarin ya fi sau ɗari a bayan rumfa, kuma cikin 'ya'yanta babu wanda ya san shi daidai.

A hankali jirgin ya riƙa tafiya a littafinta mai shuɗin bango. Wata guda ta yi kafin ya bar tashar Ofa. Hannunta ya saba da ɗaga tukunyar biki, fensir ya yi mata ƙanƙanta, takan danna shi har takarda ta huje. Amma ta lura da wani abu da ba ta faɗa wa kowa ba. In ta sunkuya ta kama layi, ciwon gwiwarta yakan lafa. Tunanin hawan jinin Taofeek, wanda ba ya barin ta ko a kan sallaya, yakan tsaya a bakin ƙofar ajin.

Ran wata Talata jirgin ya iso gadar Jebba. Mahaifiyarta takan ce da suka hau gadar kowa a taragon ya yi tsit, har awakin da aka ɗaure a bakin ƙofa. Ita kuma ta ɗora hannu ɗaya a kan keken, ɗaya a kan cikinta, ba ta san wanne za ta riƙe ba in gadar ta karye. Iya Taofeek ta so ta rubuta shi yadda ta ji shi a bakin tsohuwar. Ta rubuta, ta goge, ta sake. Kalma ta riƙa jawo kalma.

Da ta ɗaga kai, babu kowa a ajin. Hasken da ke jikin bango ya yi ja. Lasifikar masallaci tana daf da katangar makarantar, amma ba ta ji kiran sallah ba, ba ta ji fitar matan ba. Gwaggo ta faɗa mata daga baya cewa sau biyu ta taɓa kafaɗarta, ita kuwa ta ce mata "ina zuwa" ba tare da ta ɗago ba.

Ta yi alwala da sauri a famfon yara, ta yi la'asar a lungun ajin tana ta istigifari. Da ta fito ta tarar da Malam zaune a gindin darbejiya, kwaɗon ƙofa a hannunsa. Bai ce komai ba sai, "A sauka lafiya, Alhaja." Ta tafi gida kunya ta lulluɓe ta. Abin da ya fi damun ta shi ne, a ƙarƙashin kunyar akwai wani sanyi a ƙirjinta, irin wanda rabonta da shi tun tana yarinya.

Bayan mako uku Malam ya shigo da baƙuwa, Nana Fatima, ɗaliba mai karatun digiri na biyu. Ya ce ƙungiya ta haɗa kai da jami'arsu don a auna yadda manya ke ji a ransu lokacin karatu, a azuzuwanta guda shida. Nana Fatima mai kunya ce, muryarta ba ta kaiwa bencin baya. Mako guda da rabi tana zaune a ƙarshen aji tana kallo, ba ta magana. Sannan ran Talata ta miƙe da takarda a hannunta, ta ce gobe za ta kira su ɗaya bayan ɗaya ta karanta musu wasu maganganu. Wadda maganar ba ta shafe ta ko kaɗan ba ta ɗaga yatsa ɗaya, wadda ta shafa ƙwarai ta ɗaga biyar. Ta karanto su don su ji.

"Idan ina karatu nakan manta da lokaci. Nakan manta da kaina. Ba na jin abin da ke faruwa kusa da ni. Tunanin gida yakan fita daga raina. Ba na damuwa da yadda mutane ke kallo na."

Gwaggo ta gyara zama ta ce, "'Yar nan, wacce ce amsar mutanen kirki?"

"Babu daidai babu kuskure, Gwaggo. An hana ni yin bayani, don kada in karkatar da ku."

A hanyar gida matan suka tsaya a inuwar shagon mai faci, kowa tana kallon Iya Taofeek, don ita ce babba. Babu wadda ta manta da abin da ya faru bara, lokacin da mijin wata ya zo har makarantar yana faɗa, wai matarsa tana dawowa bayan la'asar babu komai a murhu. Ya cire ta, ya kuma rubuta wa ƙungiya takardar ƙorafi.

Iya Taofeek ta ce, "Kun dai ji tambayoyin nan da kunnenku. Tarko ne. An sake kai ƙarar Malam, shi ya sa suka turo yarinya mai sanyin murya. Mace ta ce ta manta da lokaci, ta manta da gidanta, ba ta damu da yadda ake kallon ta ba. Ai ta gama faɗa musu malaminta yana ɓata matan mutane."

Gwaggo ta ce, "To ke da ran nan…"

"Gwaggo."

"Na yi shiru."

Wata matashiya a cikinsu ta ce a hankali, "Amma Iya, ni fa wallahi wani lokacin har tuwona nakan manta. Ba ƙarya za mu yi ba?"

"Kin taɓa manta kina da 'ya'ya?"

"A'a."

"To kin gani. Ɗaya za ki ɗaga. Mutumin nan shekara tara yana tsaye a kanmu, ba da bakinmu za a kore shi ba."

Washegari ita ta fara zuwa gindin darbejiya, inda baƙuwar ta zauna da takardunta. Nana Fatima ta karanta ta farko, Iya Taofeek ta ɗaga yatsa ɗaya. Ta biyu, ɗaya. A ta uku yarinyar ta tsaya, biro a sama. Jiya-jiya ta ga wayar tsohuwar tana ta ƙara a jaka, har na bencin gaba suka waiwayo, ita ba ta motsa ba.

"Mama, kin tabbata?"

"'Yata, ni matar mai gyaran agogo ce. Rubuta ɗaya."

Nana Fatima ta sunkuyar da kai ta rubuta. Mata goma sha bakwai suka wuce ta gabanta a ranar, yatsa ɗaya, wani lokaci biyu. Iya Taofeek ta koma gida da sauƙin zuciya, tana ganin ta biya Malam wani abu daga alherinsa.

Bayan wata biyu, wata Laraba, Malam ya shigo ba alli a hannunsa. Ya tsaya a gaban allo ya ce ƙungiya za ta rage azuzuwanta daga shida zuwa huɗu, kuma ta duba sakamakon binciken kafin ta zaɓa. Ajinsu ne ya zo na ƙarshe, don haka za a rufe shi. Mai so za ta iya komawa wani aji a can gaban Kurna, na safe, lokacin da yawancinsu ke bakin sana'a.

Ya ce, "An rubuta cewa ba kwa nutsewa cikin karatu, hankalinku yana waje. Na karanta takardar sau uku. Mutum goma sha bakwai ba za su haɗu a kan abin da ba haka yake ba. In na ɓata muku lokaci, ku yafe ni."

Idanu suka juyo kan Iya Taofeek. Ba ta gane duka abin da ya faɗa ba, amma ta gane da sa hannunta a ciki. Aka kira la'asar, kowa ta ɗauki jakarta.

Da yamma ta tare autarta Kaosarat, wadda ta gama jami'a tana koyarwa a sakandare, ta maimaita mata tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, don ba ta manta ko guda ba.

Kaosarat ta ce, "Maami, ai abin da suke nema ke nan. Masana sun ce in mutum yana koyon abin da bai fi ƙarfinsa ba, bai kuma yi masa sauƙi da yawa ba, yakan nutse a ciki har ya manta da kansa da lokaci. Alamar karatu ya shiga ke nan. Biyar yabo ce ga malami."

"Mance lokaci ne abin yabo?"

"A wannan takardar, eh. Ke nawa kika ɗaga?"

Iya Taofeek ta tashi ta shiga ɗaki.

Da safe Gwaggo ta leƙo ta katanga, ba dariya a fuskarta. "Alhaja, tarkon da kika hango ya kama. Sai dai mu muka ɗana shi."

Kaosarat ta nemo lambar Nana Fatima. Yarinyar ta zo da kanta har gida, ta zauna a gefen tabarma, ta saurari komai ba ta katse ba. Da tsohuwar ta gama, ta ce, "Na gani da idona, Mama. Na zauna a azuzuwa shida, babu inda na ga mutane sun sunkuya kamar naku. Amma takardar ba ta da gurbin abin da na gani. Na so in faɗa wa malamina, na shiga ofishinsa sau biyu, na fito ban iya buɗe baki ba."

"To yanzu ki ɗauko takardar, in ɗaga miki biyar. Zan tara matan duka."

Nana Fatima ta yi iya ƙoƙarinta. Ta rubuta wa ƙungiyar bayani mai shafi uku. Aka amsa mata da godiya, aka ce amsar da aka canza bayan an san sakamako ba ta shiga lissafi, kuma an riga an yanke hukunci.

Abin da ya rage shi ne Iya Taofeek ta je Rijiyar Lemo ta faɗa wa Malam da bakinta. Ba nisa ba ne, keke ɗaya ne. Kullum sai ta ce gobe. Ta yi ta tunanin yadda za ta tsaya gaban mutumin da ya koya mata rubuta sunanta ta ce ita ta tsara ƙaryar, kuma ta sake tono maganar sallar nan da take fata an manta. Sau ɗaya har ta sa mayafi ta kai bakin titi, ta juyo. Haka wata biyar suka wuce.

Ta gwada ci gaba da littafin a gida. Jirgin ya wuce Minna tun ajin yana nan, ya shigo Kaduna a makon ƙarshe. Takan zauna a falo bayan azahar, ta feƙe fensir, ta kama layi. Sai ta ji agogunan nan tara suna tafiya a kanta, ta ɗaga kai ta duba, ta ga minti bakwai kawai aka yi. Gwiwa tana ciwo, Taofeek yana ranta. Abin nan da ya same ta a gadar Jebba bai sake zuwa ba.

A ƙarshe ta yago takarda daga tsakiyar littafin, ta yi kwana uku tana rubuta layi huɗu, ta ninke, ta kira Gwaggo ta raka ta.

Sun tarar da Malam a zauren gidansa, ya rame, kwalaye ɗaure da igiya a bayansa. Bayan gaisuwa ta miƙa masa takardar da hannu biyu. Ya sa tabarau ya karanta.

"Malam. Ranar Talatar nan ban ji kiran sallah ba. Ni na ce su ɗaga ɗaya. Gaskiyar biyar ce."

Ya daɗe yana kallon takardar fiye da yadda layi huɗu ke bukata. Gwaggo, wadda ba ta iya zaman shiru, ta zayyana masa sauran, tun daga inuwar shagon mai faci.

Ya cire tabarau ya ce, "Ranar nan ni na hana Gwaggo ta taɓa ki karo na uku. Na je na yi sallah na dawo, na zauna ina kallon rana a madadinki. Da lokaci ya zo fita, da na buga ƙofa. Ina zaune ina cewa yau na ga abin da na shekara arba'in ina nema a aji. Da takarda ta zo, sai na ce ashe idona ne ya tsufa."

"Na so in kare ka ne, Malam."

"Na sani, Alhaja." Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba. "Wata uku da suka wuce mutanen masallacin unguwar nan sun zo. Suna so in buɗe wa matansu aji, har sun sayi benci. Na ce su nemi wani, ni an auna ni. Sun samu wani. Na riga na amsa wa ɗana, bayan sallah zan koma Kazaure."

Iya Taofeek ta kalli kwalayen. Ta ƙirga watannin a ranta, ta ga ranar da ta kai bakin titi ta juyo, mutanen masallaci ba su riga sun zo ba.

Da suka miƙe za su tafi, ya ce, "Ina jirgin ya tsaya?"

"Kaduna."

"Ai kin zo. Saura Zariya, sai gida."

"In sha Allahu, Malam."

Ya koma Kazaure bayan sallah, kamar yadda ya ce. Yau shekara biyu ke nan. Iya Taofeek tana karanta takardar asibiti da kanta, tana karanta saƙon jikokinta a waya, a hankali, da yatsa a ƙarƙashin kowace kalma. Littafi mai shuɗin bango yana kan kantar falo, ƙarƙashin agogon da ya fi girma, fensir a tsakiyarsa, daidai inda mahaifiyarta ta leƙa ta taga a tashar Kaduna tana neman mai sayar da ruwa. Tun daga Talatar nan la'asar ba ta sake wuce ta ba. In matan layi suka ce Iya Taofeek ba ta makara, takan ce haka ne, sai ta sako wata magana.